Yadda Za Ka Auna Ko Ka Riƙe Tsohuwar Motarka ko Ka Musanya Ta

Ranar da makaniki ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu, ya faɗi kuɗin gyaran da ya sa ka riƙe baki, a ranar ce yawancin mutane ke cewa sun gaji, rabuwa da ita za su yi. Babu kuwa ranar da ta kai wannan rashin dacewa da yanke hukunci. Ranka a ɓace yake, motar tana kwance, kuma duk wanda zai taya ta a wannan hali ya san a matse kake. In da hali, ka ba kanka mako guda. Ka nemi takarda da biro, mu bi abin daki-daki.

Mutane sun saba gwada kuɗin gyara da darajar motar, su ce ai gyaran ya kai rabin kuɗinta, bai kamata a yi ba. Wannan awon bai isa ba, domin bai duba abin da za ka kashe a kan wadda za ta maye gurbinta ba. Tambayar da ta dace ita ce: daga yau zuwa wata 24, wacce za ta fi cin kuɗina, wadda ke hannuna ko wadda zan karɓo? Na zaɓi shekara biyu ne saboda shekara ɗaya ta yi kaɗan, babban gyara guda zai rinjayi lissafin gaba ɗaya. Shekara biyar kuma ta yi nisa, hasashen zai koma kame-kame.

Shekarun mota su kaɗai ba hujja ba ne. Matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi a Amurka da Tarayyar Turai ya haura 12, kuma suna kai masu su wurin aiki kullum. Lafiyarta za mu duba.

Mataki na farko: fito da tarihin abin da ta ci

Ka tattaro duk rasit ɗin shekara biyu da suka wuce. In ba ka ajiya, ka bi saƙonnin banki, ka kuma tambayi makanikinka, don sau da yawa ya fi mai mota tuna abin da aka canza. Sai ka kasa kuɗin gida uku.

Kashi na farko na yau da kullum ne: juyen mai, filta, fulogi, taya, batir, kayan birki. Wannan ba laifin tsufa ba ne. Duk motar da ka hau sai ta ci shi, wata ma ta fi, musamman masu manyan tayoyi. Da yawa suna jibga wannan kashin a kan tsohuwar mota, sai ta zama kamar ta fi kowace ɓarna.

Kashi na biyu shi ne abubuwan da ke mutuwa sau ɗaya a dogon zango, irin su kulochi, shokozoba, lagireto, famfon ruwa, altaneta da bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin a cikin inji. In ka riga ka canza su, an biya an gama, ba za su dawo nan kusa ba. Ka sayar yanzu, mai saye ne zai ci moriyar kuɗinka.

Kashi na uku ne abin lura: matsalar da ke tafiya tana dawowa. Zafin inji da aka gyara ya sake tasowa, wayoyin wuta da kullum sai an taɓa, giyar da ta ci gaba da fizga bayan an buɗe ta. In wannan kashin ne ya fi nauyi, kuma yana ƙaruwa daga bara zuwa bana, to ka ja masa layi.

Kuɗin da ka riga ka kashe ya tafi, ba ya cikin lissafin gaba. Kar ka ce na zuba mata da yawa, ba zan iya sakinta ba. Kar kuma ka ce ta ci mini da yawa, dole ta tafi. Amfanin tarihin nan shi ne ya nuna maka abin da ke tafe.

Mataki na biyu: a duba lafiyarta sosai

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan binciken ya tsaya. Ka kai ta wurin makanikin da ba shi zai yi gyaran ba, ba kuma shi ke zawarcin sayenta ba. Ka biya shi ladan dubawa kawai, ka ce masa: "Malam, rubuta mini abin da dole a yi yanzu, da abin da zai taso cikin shekara, da wanda zai iya jira." Wanda ba shi da riba a cikin amsar ya fi faɗa maka gaskiya.

Akwai abubuwan da kai ma za ka gani da idonka. Da sassafe, kafin inji ya ɗumama, ka sa wani ya tayar da ita, kai kuma ka tsaya ta baya kana kallon bakin salansa. Ɗan farin tururin da ke ɓacewa bayan minti kaɗan ba komai ba ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin inji yana ƙona baƙin mai, wato ringi ko robobin bawul sun gaji. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ko da inji ya yi ɗumi, ga ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, wannan alamar gasket ɗin kan inji ce. Baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya yi yawa a cakuɗin, kuma sau da yawa injekta ce ko sensa, gyaran da bai kai waɗancan nauyi ba.

Ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ka juya shi ka dubi cikinsa. In ka ga wani abu mai kauri, fari-fari da ɗan ruwan ƙasa, ya manne a ciki, ruwa ya haɗu da mai. Motar da ba ta yin doguwar tafiya takan tara kaɗan saboda raɓa, saboda haka kar ka yanke hukunci da wannan kaɗai. Amma in ka zaro sandar awon mai ka ga irinsa a jikinta, maganar ta girma.

Ka nemi a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Aiki ne na ɗan lokaci, ana cire fulogi a ɗaura ma'auni. Abin da ake so shi ne lambobin su zo kusan daidai. Silinda ɗaya da ta faɗi ƙasa sosai tana gaya maka cikin injin ya fara tafiya. A ganina wannan awon ya fi duk wani sauraren ƙarar inji da kunne, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da hukuncin da zai taimake ka yankewa.

In giyarta otomatik ce, ka lura da lokacin da take ɗauka kafin ta kama idan ka matsa daga P zuwa D ko R. Jinkiri, ko bugu mai ƙarfi, ko inji ya yi ta ƙugi mota ba ta ƙara gudu ba, duk alamu ne. Man giya mai lafiya garau yake, yawanci ja-ja. In ya yi duhu yana warin ƙuna, ka sa gyaran giya a cikin lissafinka ko da ba ta tsaya ba tukuna.

Sai na'urar karanta matsala. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II mai fil 16 a ƙarƙashin sitiyari. A Turai an wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Fitilar inji da ta kunnu a dashbod ba ta faɗin girman matsala, lambar da na'ura ta fitar ce ke nuna inda za a duba. P0300, alal misali, tana nufin wuta na tsallake a silinda, abin da kan iya zama fulogi ko koyil kawai. P0420 tana nuni ga matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ke da tsada, ko da yake wani lokaci sensa ce ta gaji. Ka sa a rubuta maka lambobin kafin a goge su.

Kar ka manta da bel ɗin tayimin. Yawancin kamfanoni suna cewa a canza shi tsakanin kilomita 100,000 zuwa 160,000, ko bayan wasu shekaru, duk wanda ya riga zuwa. Littafin motarka zai faɗa maka naka. A injuna da yawa, in ya tsinke mota na tafiya, fistin zai daki bawul, ƙaramin aiki ya zama buɗe inji. In ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka ɗauka lokacinsa ya yi. Motocin da ke da sarƙa a maimakon bel sun fi jimiri, sai dai ka saurari ƙarar kacau-kacau a daƙiƙun farko bayan an tayar.

Taya ma tana da shekaru. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Zurfin zanen da doka ta yarda da shi a ƙasashe da dama milimita 1.6 ne, kuma masu yin taya da yawa na cewa ko zanen bai cinye ba, kar ta wuce shekara 10. Batir kuma yakan yi shekara uku zuwa biyar. Duk wanda lokacinsa ya kusa, ya shiga takarda.

Mataki na uku: abubuwan da suka fi ƙarfin lissafi

Akwai abubuwan da in ka same su, ba sai ka wahalar da kanka da tarawa da ɗebewa ba.

Na farko tsatsa a ƙashin mota. Ba tsatsar ƙofa ko ta saman fenti nake nufi ba. A ɗaga motar sama, ka riƙe sukudireba, ka bi shasi kana dannawa, musamman inda ƙafafu suke ɗaure da inda aka ɗaura bel ɗin kujera. Ƙarfe mai lafiya zai amsa da ƙara mai tauri. In bakin sukudireba ya nutse, ko ɓawon ƙarfe ya zubo maka a hannu, wurin ya ruɓe, kuma abin da ido ya gani kaɗan ne daga abin da ke ciki. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ma haka. Ruɓaɓɓen shasi kuwa faci ne bayan faci, kuma ranar haɗari ba zai riƙe ba. Haka motar da ta taɓa yin mummunan karo har ta karkace, tana cin taya gefe ɗaya duk gyaran saitin da aka yi mata.

Na biyu kariya. Nan ne sabbin motoci suka yi wa tsofaffi nisa da gaske, kuma ba na so a raina wannan. Ka duba ko motarka tana da birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, da jakar iska mai aiki, da na'urar ESC, wadda ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta idan mota ta fara zamewa a kwana. An wajabta ESC ga sabbin ƙananan motoci a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Wanda ke ɗaukar iyali a kan babbar hanya da motar da ba ta da waɗannan yana da dalili mai ƙarfi na canzawa, ko da takarda ta ce tsohuwar ta fi araha.

Ka kuma ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka bincika a shafin kamfanin da ya ƙera motar ko an taɓa kiran irinta don gyara. Jakunkunan iska na kamfanin Takata sun sa an kira miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, saboda sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima, har ya iya fashewa da ɓaraguzan ƙarfe. Irin wannan gyaran yawanci kyauta ake yinsa a wurin wakilin kamfani. Wannan binciken ya shafi wadda za ka saya ma.

Na uku kayan gyara da doka. In sai an yi makonni ana neman ƙaramin abu, kowane gyara zai ci kuɗi ya ci kwanaki. Wasu birane kuma sun fara ɗora haraji ga tsofaffin injuna. Landan ta fara nata tsarin a 2019, ta faɗaɗa shi zuwa dukkan gundumomin birnin a 2023. Ka san dokar inda kake tuƙi.

Mataki na huɗu: nemo ainihin darajarta

Mota ba ta da farashi ɗaya. Akwai abin da mai sayar da motoci zai ba ka in ka kawo ta musaya, akwai abin da za ka samu in ka sayar da kanka, akwai kuma abin da za a ba ka a halin da take ciki yanzu ba gyara. Ka samo duka ukun. Kuɗin da ake rubutawa a talla kuɗin sa suna ne, cinikin yakan faɗa ƙasa da haka, saboda haka ka rage. Ka nemi tayi daga wuri uku, a rubuce in zai yiwu.

Kar ka ji haushi in tayin musaya ya zo ƙasa. Wanda zai karɓa sai ya gyara, ya wanke, ya ajiye ta har ta samu mai saye, sannan ya ci riba. Bambancin nan shi ne ladan da kake biya don ka huta da ciniki da baƙi.

Mataki na biyar: abin da wadda za ka karɓo za ta ci

A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, domin babbar tsadar sabuwar mota ba ta zuwa da rasit. Gyara yana zuwa da hayaniya, ka ciro kuɗi ka ji zafinsa. Faɗuwar daraja kuwa cin gara take yi, ba ka ji ba ka gani sai ranar da ka zo sayarwa. Mota tana zubar da mafi yawan darajarta ne a shekarunta na farko, daga nan faɗuwar ta riƙa lafawa. Tsohuwarka ta riga ta wuce wannan gangaren. Don ka ƙiyasta, ka duba kuɗin irin motar da kake so, sannan ka duba kuɗin irinta da ta girme ta da shekara biyu. Tazarar da ke tsakani ita ce kusan abin da za ka rasa.

Sai kuɗin ciko. In bashi za ka ci, kar ka tsaya a kan abin da za ka riƙa biya duk wata. Ka ninka shi da yawan watannin, ka haɗa da kafin alƙalami, ka ga jimla. Tsawaita bashi yana rage na wata, yana ƙara jimlar. Ko tsarin babu kuɗin ruwa, akwai ribar da aka ɗora a kan farashi, ita ma ka fitar da ita fili. In kuma daga ajiyarka za ka biya, ka tambayi kanka abin da kuɗin zai kawo maka da ka bar shi a cikin sana'a. In har yanzu ana bin ka bashi a kan tsohuwar, kuma bashin ya fi abin da aka taya ta, kar ka yarda a naɗe ragowar cikin sabon bashi. Za ka wayi gari kana biyan mota biyu alhali ɗaya kake hawa.

Ka kira kamfanin inshora ka tambayi kuɗin wadda kake so kafin ka saya, domin mota mai daraja inshorarta ta fi tsada, kuma mai ba da bashi yakan nemi cikakkiya. Ka ƙara haraji, canjin suna da sabbin takardu.

Maganar shan mai, a auna ta. Ka cika tanki fal, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, ka sake cikawa. In lita 42 ta shiga bayan kilomita 350, motarka na shan lita 12 a kowace kilomita 100. Mai yin kilomita 15,000 a shekara zai ƙona lita 1,800. Motar da ke shan lita 8 za ta ƙona 1,200, ragin lita 600 ke nan. Ka ninka da kuɗin lita a inda kake. Ka sani kuma alƙaluman da kamfani ke bugawa a ɗakin gwaji aka same su, a kan titi yawanci shan ya fi haka.

In wadda za ka karɓo ta hannu ce, akwai wani abu. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin yadda kasuwar motocin hannu take: mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. A kan tsohuwarka kai ne mai sanin. Ka san ƙarar da take yi da abin da aka canza mata. A kan waccan kuwa kai ne baƙo. Saboda haka duk binciken mataki na biyu sai an yi mata, kuma ka ware kuɗin juyen mai, bel da taya na watannin farko, don da wuya ta zo ba ta buƙatar komai. In mai haɗa fetur da lantarki ce, a auna lafiyar babban batirinta kafin a yi maganar kuɗi.

Mataki na shida: jera su kafaɗa da kafaɗa

Ga misali da maki a maimakon kuɗi, don kowa ya sa nasa. A ce tsohuwar in tana lafiya ta kai maki 100. A halin da take, an taya ta 60. Gyaran da ke gabanka 45 ne, kuma bayan shekara biyu za ta kai 80.

In ka riƙe ta, ka bar 60 ɗin da za a ba ka, ka ƙara 45, a ƙarshe kana da abin 80. Asararka a nan 25. Sauran gyara da sabis na shekara biyu, har da abin ko-ta-kwana, 50. Mai 90. Inshora da takardu 10. Jimla 175.

In ka musanya da ta maki 400 wadda za ta koma 300, faɗuwar daraja 100. Bayan an ɗebe 60 na tsohuwar, cikon 340 ne, kuɗin bashinsa a ce 50. Sabis da ƙananan gyara 20. Mai 60. Inshora, haraji da canjin suna 30. Jimla 260.

Ka ga gyaran da ya kusa rabin darajar motar, wanda ya tayar maka da hankali, bai hana tsohuwar fin sauƙi da maki 85 ba. Amma kar ka tsaya nan, ka jijjiga lissafin ka ga abin da zai kifar da shi. In awon silinda ya nuna inji ma yana hanya, ƙara 60, tazarar ta koma 25. In tafiyarka ta ninka uku, ragin mai zai tashi daga 30 zuwa 90, ga shi gyaran tsohuwar zai ƙaru da yawan tafiya. Shi ya sa amsar mai zuwa ofis ya dawo ta bambanta da ta wanda mota ce jarinsa.

Ka sa wa kwanakin da take kwana a gareji kuɗi. Motar haya, ladan janwe, cinikin da ya wuce ka, aikin da ka makara. Wanda ke da wata motar a gida, wannan kaɗan ne a wurinsa. Wanda ke da mara lafiya a gida, ko yake bin hanyar da babu mai taimako da dare, ya sa lamba mai nauyi, kuma yana da gaskiya. In kuma son sabuwa ce kawai ke ranka, wannan ba laifi ba ne. Ka dai rubuta shi da sunansa, ka ga ko za ka iya biyan tazarar ba tare da ka takura gidanka ba.

In jimlar biyun ta zo kusa da juna, ni ina karkata ga wadda ta fi kariya da kwanciyar hankali. In tsohuwar ta yi nasara da tazara mai faɗi, shasinta garau, injinta da ƙarfi, riƙe ta.

In ka yanke riƙewa

Ka yi gyaran bisa tsari: birki, taya, sitiyari da fitilu tukuna, sai abin da zai iya kashe inji, wato bel, ruwan sanyaya da yoyon mai, sannan na jin daɗi. Man birki yana tsotsar laima, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu, kuma shi aka fi mantawa. A babban gyara ka nemi farashi daga wuri biyu, ka tambayi tsawon garantin aikin, ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire.

Duk wata ka riƙa ware rabin abin da za ka biya da ka ci bashin sabuwa. In gyara ya taso, ga kuɗinsa. In bai taso ba, kana tara cikon gaba. Ka kuma rubuta iyakarka tun yanzu da hankalinka ke kwance, misali in giya ko inji ya tafi, ko gyaran shekara ya haura adadi kaza, za ka sake zama da takardar nan.

In ka yanke musanyawa

Kar ka yi babban gyara don za ka bayar da ita, da wuya kuɗin ya dawo. Wanki mai kyau ciki da waje, ƙwan fitilar da ya mutu, da fayil ɗin rasit a jere, su ne ke ɗaga tayi da ɗan kuɗi kaɗan. Ka faɗi aibin da ka sani. Hakki ne, kuma mai dubawa zai gano shi ko ba ka faɗa ba.

A wurin ciniki ka raba maganar gida uku, kar ka bari a cakuɗa maka. Ku fara gama farashin wadda za ka saya kamar ba ka zo da komai ba. Sannan ka kawo maganar tsohuwar, da tayin da ka samo daga waje a hannunka. Maganar bashi ta zo ƙarshe. In aka haɗa su, ana iya ɗaga maka kuɗin tsohuwar ka ji daɗi, a mayar da shi a kan farashin sabuwar. In aka tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, ka ce jimlar ciko kake son ji. Lambar da za ka gwada tsakanin masu sayarwa ita ce wannan cikon, da duk wani caji a cikinsa.

Ranar miƙawa, ku rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, kilomitar da ke kan ma'auni, kwanan wata da lokaci, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Ka tabbatar an cire sunanka daga rajistar motar, domin muddin yana kai, tara ko wata matsala wurinka za ta fara zuwa. Ka sanar da kamfanin inshora a ranar, ka goge lambobin waya da adireshin da ke cikin allon motar, ka cire na'urar bin sawu in ka sa, ka miƙa makulli duka biyu.